Hagu, Tare da Neman Afuwa

Tsoron Teruaki ba na faɗuwa ba ne, domin ya sha faɗuwa daga keke tun yana ƙarami, har ƙasa ta saba da shi. Abin da yake tsoro, kamar yadda ya shaida wa madubin banɗaki da safiyar wannan Lahadi, shi ne ɗaga wa babba murya.

An haife shi da hannu ɗaya, na hagu. Da shi yake riƙe kan keke, da shi yake matsa birki, domin an haɗe masa birkin gaba da na baya wuri guda. Idan ya ɗaga hannun don ya nuna kwana, sai dai a tsince shi a gefen hanya. Shi ya sa shekara biyu ke nan yana bin ƙungiyar masu keke ta nakasassun garinsu daga can baya, inda babu mai jiran umarninsa.

To, sai jagoransu ya kwanta asibiti don aikin kafaɗa, ga kuma babbar tafiyar gadojin tsibirai saura wata ɗaya, kuma ba a karɓar ƙungiyar da ba ta da jagora. Aka duba, babu mai ido da ƙafa kamar Teruaki. Yau ce ranar gwaji. In ya kai su shagon taliya na ƙetaren gada lafiya, ƙungiya za ta tafi. In ya kasa, kowa ya zauna gida ya kalli abin a talabijin.

"Ba hannu muke so ba, baki muke so," in ji Baba Isogai, tsohon maƙerin jiragen ruwa wanda ƙafafunsa suka daina aiki shekara ashirin da suka wuce. Yana kishingiɗe a keken hannunsa, kansa bai fi tsayin gwiwar mutum ba. "Ni daga nan ƙasa ban da tayarka ba abin da nake gani. In kwana ce ka ce kwana. Ka ji ko, ɗan otal?"

Teruaki ya rusuna. Diflomarsa ta karɓar baƙi ce, kuma shi ya zo na ɗaya a darasin magana ta ladabi. Mafi ƙanƙanta cikin mutum bakwai da za su bi shi ya girme shi da shekara talatin.

Suka kama hanyar bakin teku. Da kwanar farko ta matso, Teruaki ya gyara murya.

"Ina neman afuwar iyayena da na katse musu jin daɗin iskar safiya. Idan ba zai zama takura ba, kuma idan kowa ya ga ya dace, akwai wata shawara da nake so in gabatar game da..."

Kafin ya kai ga kalmar hagu, kwanar ta wuce. Kunya ta hana shi juyawa a tsakiyar jimla, don haka ya miƙe, su ma suka miƙe. Gangara ta kwashe su takwas ɗin har matsayar jiragen masunta, inda wani mai wanke kwandunan kifi ya tsaya yana kallonsu baki buɗe.

Hawowa ta ci musu minti ashirin da biyar. Baba Isogai, wanda da damatsansa yake hawa kowane tudu, bai ɓata numfashi a banza ba sai da suka iso sama.

"Kai, wa'azi muka ɗauke ka yi?"

"Ka ƙyale yaro," in ji Inna Kikue daga kan kekenta mai ƙafa uku, wanda take hawa tun da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa ta. "Ni rabona da a yi mini magana mai daɗi haka tun ranar aurena. Kai ko sannu ba ka iya ba, tsohon ƙarfe."

"Ke feda kike takawa, ni hannuna ne ya biya kuɗin maganar!"

Teruaki ya yi nazari a tsanake, ya gane kuskurensa: bai fara da wuri ba. Saboda haka kwana ta biyu tana can nesa, ko alamarta ba a gani, ya soma jawabi. Wannan karon ya kammala lafiya, har da godiya. Sai dai kalmar hagu ta fito tun saura kusan rabin kilomita, kuma a daidai wurin akwai ƙofar wata gonar lemu a buɗe. Da ya waiwaya, babu kowa a bayansa. Ya koma ya tarar da su cikin bishiyoyi, mai gonar tana ta cusa musu lemu a aljihu, ta ɗauka ziyara aka kawo mata.

"Yanzu dai ka faɗi ka ce ka fasa," in ji Baba Isogai, yana cire ganye daga hular kwanonsa. Babu wasa a muryarsa. "Shekarata saba'in da huɗu. Ban san ko baɗi hannuwan nan za su kai ni kan gadojin ba. Amma gara in zauna gida da a yi ta yawo da ni gonakin mutane."

Teruaki ya hau keke kawai.

Saura gangara ɗaya a kai gada. Suna cikin sauka, iska na kaɗa tutocin kekunan hannu, ya hango abin: ma'aikata sun ɗage murfin magudanar ruwa a gefen hanya, rami ya buɗe baki daidai layin da suke bi. Shi zai iya kaucewa. Baba Isogai, da ke manne da tayarsa, ba zai gani ba sai ya faɗa.

Jimlar ladabi ta taso masa har wuya. Ya auna tsawonta, ya auna tazarar ramin.

"TSAYA, TSOHO! BIRKI!"

Tayoyi suka yi ƙara. Lemu ya zube daga aljihuna, ya gangara, uku suka faɗa ramin ɗaya bayan ɗaya. Tayar Baba Isogai ta tsaya saura taƙi biyu.

Teruaki ya sauka, ya rusuna har hularsa ta kusa taɓa kwalta.

"Baba, abin da ya fito daga bakina..."

"Me ka ce da ni?"

"Na ce... tsoho."

"Ƙarya ka yi?" Baba Isogai ya leƙa ramin, sannan ya fashe da dariya har keken yana girgiza. "Kikue, kin ji? Ashe akwai mutum a cikin rigar nan!"

"Na ji," in ji ta. "Saura ni, ka kuskura ka ce mini tsohuwa, lemun nan zai sauka a ƙeyarka."

Teruaki ya miƙe, ya gyara igiyar hularsa, ya dubi mutum bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ya lissafa kwanonin tafiyar gadoji a ransa, ya ga sun haura arba'in.

"Iyayena, na yanke shawara," ya ce da ƙarfi. "Ni zan ja ku tafiyar gadoji. Kowace safiya kafin mu tashi zan ba ku haƙuri gaba ɗaya, na minti biyar, kowa ya ɗauki rabonsa ya adana. Da zarar na hau keke kuwa, ba ni da tarbiyya sai mun sauka. Ku tsince lemunku. Gaba kwana ce, kuma HAGU ce!"