Ƙahon Sa a Ƙofar Mota

Motar marigayi Mode ta daɗe a zaune bayan zauren gidansu a Ƙofar Rini, har kaji sun mayar da ita wurin saka ƙwai. Tsohuwar Fodi ce baƙa, wadda ya saya hannun wani Bature mai sayen fatu tun kafin yaƙin duniya. Da aka fara shirin bikin 'yancin kai a damunar 1960, matarsa Ashatu, wadda idanunta suka riga suka tafi, ta kira ɗanta Aƙilu. Ta ce abu ɗaya take so: ranar bikin a ɗauke ta cikin motar babansa a kai ta Ƙofar Kware, gidan iyayenta.

Aƙilu dillalin shanu ne. Bai san komai a kan mota ba, amma wannan bai dame shi ba, don a ganinsa duk abin da ke da ƙafa huɗu hanyar duba shi ɗaya ce. Ya fara zuwa wurin Illo maƙeri, wanda ya rantse babu ƙarfen da ya gagare shi. Aƙilu bai saurari rantsuwar ba. Ya shafa gefen wata babbar mota da Illo ya gyara, kamar yadda yake shafa haƙarƙarin saniya a kara, kasuwar shanu, ya ji tudu da kwari, ya yi sallama. Daga nan ya nufi rumfar Maccido, wanda ya koyi bugun jikin mota a Kaduna, mutum marar yawan magana. Nan ma ya shafa wata mota da Maccido ya gyara, hannunsa ya wuce sumul daga fitila har baya. Ya leƙa ƙasan motar ya duba ƙafafu, ya sa aka buɗe mata baki ya ga ciki, ya ce ya yarda.

Da aka turo Fodi rumfar, Maccido ya zagaya ta a hankali, ya tsaya wajen ƙofar baya inda ƙarfen ya lotsa da zurfi.

"Wanga wuri hwa?" in ji shi.

"Dut a hidda," in ji Aƙilu. "Ina son ta kamar ranar da anka sawo ta."

Mutumin da ba zai taɓa yarda a taɓa shaidar da ke jikin saniya ba, shi ne ya faɗi haka da bakinsa.

Maccido ya yi aiki na Allah da Annabi. Ya kankare tsatsa, ya bubbuga, ya goge, ya shafa fenti har mutum na ganin haƙoransa a jikin ƙofa. Wani makaniki ya ta da injin. Ana saura 'yan kwanaki biki Aƙilu ya kawo ta ƙofar gida yana ji da kansa, ya riƙo hannun tsohuwa ya fito da ita.

Ashatu ta laluba ƙofar baya. Ta shafa sama, ta shafa ƙasa, ta sake komawa.

"Wagga ba motar Mode ba ta," ta ce.

"Inna, ita ta. Gyara anka yi mata."

"Ranar da babanka yat tahi da ni gida goyon cikinka, wani bajimin sa ya kubce yas soki ƙohwar nan, ina zaune bayanta. Mode ya ce ƙarhen da yat tare mai mata da ɗa, ba a taɓa shi har abada. Ina wurin?"

Ba ta jira amsa ba, ta juya ta lalubi hanyar ɗakinta. Aƙilu ya ji kunyar da bai taɓa ji ba. An sha ba shi labarin nan yana yaro, shi dai bai taɓa haɗa shi da lotsawar ba.

Washegari ya sa aka kai motar kara, aka ajiye ta gaban sa mafi faɗa a kasuwar, ko zai soki ƙofar. San ya shinshina fentin, ya lasa, ya kwanta a inuwarta yana tuƙa. Dillalai suka taru suna ba shi shawara, shi san, bai ɗauki ko ɗaya ba.

Dole ya koma wurin Maccido, ya roƙe shi ya mayar da lotsawar. Maccido ya daɗe yana kallon ƙofar da ya sha wuya a kanta. Ya je mahauta ya samo ƙaho, ya kafa tsininsa daidai inda ya tuna, ya kawar da kai ya sauke guduma.

Da safiyar bikin gari ya cika da ganguna da 'yan makaranta masu tutoci. Aƙilu ya sake fito da uwarsa. Yatsunta suka bi ƙofar har suka faɗa cikin ramin, suka tsaya a nan.

"Ƙaho na," ta ce. "Amma na matacce. Wancan da rai yaz zo."

Aƙilu ya sunkuyar da kai.

"Buɗe min," in ji ta.

Ya buɗe, ta shiga ta zauna a gurbinta na da. Daga Ƙofar Rini har Ƙofar Kware ba ta tambayi kiɗan wa ake yi ba. Hannunta na waje ta taga, tafinta a kan ramin.