Jakin da Malama Ta Ƙi Tayarwa

Sun kai kwanar bene da ita sai ƙafar kujerar ta maƙale a jikin ƙarfe. Maƙwabta biyu ke ɗauke da ita, direba na riƙe da gaba, mai gyaran wuta na riƙe da baya, Tela kuwa tana biye da su da filo da bargo, bakinta bai huta ba.

"Ku bi a hankali mana, ba buhu kuka ɗauko ba."

"Ƙyale su, ƙanwata," in ji Malama daga kan kujerar. "Da buhu ne ai da sun fi kula, tunda shi yana fashewa."

Tun kafin Tela ta tare a gidan benen nan Malama take zaune a hawa na biyu, ita da littattafanta. Rabin yaran garin a littattafan da ta rubuta suka koyi karatu. Manya kuma duk mako suna jiran shafinta na jarida, inda take rubutu a kan duk abin da ya tsone mata ido, tun daga malamin da ke dukan yaro don ya yi tambaya har zuwa masu sare itatuwan bakin titi. Ita kanta Tela ba ta tsira ba. A watan da ta tare, Malama ta cika shafi guda da ƙarar keken ɗinkin sabuwar maƙwabciyarta. Tela ta hau sama da jaridar a hannu don a yi ta ta ƙare, amma sai ga ta ta sauko da littattafan da Malama ta ba ta don jikokinta a hammata da awon rigar Malama a ka. Daga nan suka ƙulle.

Yanzu ciwon zuciya ya ci ƙarfin Malama. 'Yarta ta baro aikinta ta dawo jinya, ta kuma hana ta ko leƙa baranda. Yau dai ta sakar mata, don ta ga hanin ya fi saukowar wahalar da ita.

Dalilin saukowar yana tsaye a tsakar gida da jaka a hannu, wato Edita, wani saurayi mai ladabi daga kamfanin da ke buga littattafanta. Littafinta na ƙarshe labarin tsohon jakin wani mai lambu ne da yarinyar da ke ba shi ruwa. A shafin ƙarshe jakin ya kwanta a gindin bishiya, bai ƙara tashi ba. Kamfani ya ce iyaye ba za su kai wa 'ya'yansu mutuwa gida ba, a tayar da jakin. Edita ya yi ta sintiri yana lallashi. Malama ta ce in suka tayar da shi to su cire sunanta, ko da kuwa littafin ba zai fito tana raye ba. Da ta gaji da musu ta ce a tara mata yaran gidan, su ne masu littafin, su yanke hukunci.

Aka ajiye ta a inuwa kusa da famfo. Yara suka zauna a kan siminti, wasu da kayan makaranta a jikinsu. Ta gyara tabarau ta fara karatu, tana yin muryar jakin da hanci har direba ya tuntsire da dariya. Amma tana kaiwa inda jakin ya fara ƙin cin ciyawa sai numfashinta ya sarƙe. Ta miƙa wa Tela takardun.

"Ƙarasa mini."

Rabon Tela da karatu a gaban mutane tun tana makaranta. Ta fara tana tuntuɓe, sannan harshenta ya sake. Ta karanta yadda yarinyar ta zauna ta ɗora kan jakin a cinyarta, tana shafa masa kunne, tana faɗa masa ya huta, ya yi aikinsa. A nan muryar Tela ta karye. Ba ta yarda ta dubi kujerar ba har ta kai aya ta ƙarshe.

Wani ƙaramin yaro ya fashe da kuka, Edita ya dubi Malama kamar mai cewa ai na faɗa. Sai 'yar mai burodi ta ɗaga hannu kamar a aji. Bara mahaifinta ya rasu, tun lokacin kuma ba a cika jin bakinta ba.

"Kaka, ni an ce mini babana tafiya ya yi. Amma na san ba tafiya ba ce." Ta share hanci da bayan hannu. "A sake karanta wurin da ta shafa masa kunne."

Tela ta sake karantawa. Mai kukan ma ya matso. Kafin a jima gardama ta ɓarke a kan wa zai riƙa kai wa mai lambu kayansa kasuwa, da ko jakuna suna mafarki. Babu ko ɗaya da ya ce a tayar da jakin. Edita ya koma gefe da waya a kunne, ya daɗe yana magana da kamfani, har aka ji ya ɗaga murya, abin da ba a san shi da shi ba. Da ya dawo ya durƙusa gaban kujerar ya ce ko wasali ba za a taɓa ba.

"Na gaya maka, ɗana," in ji ta. "Yara ba gaskiya suke tsoro ba. A bar su su kaɗai da ita, shi suke tsoro."

Littafin ya riske ta da rai. Ta shinshina takardar, ta buɗe shafin ƙarshe, ta gano waƙafi ɗaya da ya ɓace, ta yi wa Edita faɗa son ranta, fuskarta kuwa fal murmushi. Wata safiya Tela tana taje mata kai, 'yar Malama tana ninke kaya, Malama tana ba su labarin rubutun da za ta yi a kan likitocin da ke magana da mara lafiya kamar ba ya wurin. Ta tsaya a tsakiyar zance kamar mai neman kalma. Tela ta jira, ta jira, sannan ta ajiye matajin a hankali.

Titin bai ɗauki masu ta'aziyya ba. Malaman makaranta, ma'aikatan jinya, masu shaguna, har da wani ƙaton ɗan sanda da ya tsaya a bakin ƙofa yana karanto farkon wani labarinta da ka, yana hawaye.

'Yar ta ce ba za ta kwashe littattafan ba, ta damƙa wa Tela makullin ɗakin don yaran gidan. Ran nan da la'asar Tela ta hau don ta rufe tagogin ɗakin da ta bar wa yaran a buɗe. Ta tarar da ƙananan takalma jere a bakin ƙofa, wani ƙafa ɗaya a kife, daga ciki kuma ana jin muryar 'yar mai burodi tana bin layi a hankali. Tela ta sunkuya ta gyara kifaffen, ta zauna a kan matakala.