Fesah a Bayan Bargo

A shekarar da wuta ta cinye birnin Salonika, Joya ta tsira da mijinta Mushon, da 'yarta Sarina, da wata babbar tukunyar tagulla da ta ɗauko a ka har bakin teku. Sauran duk ya zama toka. Bayan sun sha sanyi a tanti, aka ba su rabin ɗaki a dogayen gidajen katako da aka kafa wa 'yan gobara a bayan gari. Ɗaya rabin kuwa Madam Estreya aka sa a ciki. Kowane rabi da ƙofarsa, amma abin da ya raba su bai wuce wani bargon soja da aka rataya a igiya ba.

Madam Estreya ba baƙuwa ba ce a wajen Joya. Tun Joya tana budurwa take yi wa gidan Madam wanki, lokacin da mijin Madam ke da babban kantin yadi a kasuwa, gidansu kuma bene ne mai fitilu masu lilo. Mijin ya rasu kafin gobarar, wuta ta lashe kanti da gida, 'ya'ya kuwa Allah bai ba su ba. Yanzu ga ta a kan katifar ciyawa, amma har yau in za ta yi magana sai ta ɗaga haɓa, kamar daga saman bene take leƙowa. Ba ta shiga layin karɓar abinci, ba ta hira da matan unguwa. Joya na jin tarinta, ita ma tana jin minsharin Mushon, iyakar zumuncin ke nan.

Da sanyi ya fara ja da baya, itatuwa suka yi toho, sai maganar Fesah, Idin Ƙetarewa na Yahudawa, ta cika bakin mata. Mushon ya dawo daga dako a tashar jiragen ruwa, ya zauna yana matsa kafaɗarsa.

"Bana dai sai mu yi abin da ya sawwaƙa," in ji shi. "Kwanukan idi sun ƙone, littafin karatun idi ya ƙone, ko tebur ba mu da shi."

"Abin da ya sawwaƙa?" Joya ta ajiye tsintsiya. "Baban Sarina, kakanninka a jeji suka yi idin nan, ba ko rufi a kansu. Kai kana da rufi."

"Mai yoyo."

"Rufi ne dai. Ka samo mini farar ƙasa da akwatuna biyu, sauran ka bar mini."

Ya san matarsa, don haka ya samo mata su. Ta shafe bango da farar ƙasa har sai da ido ke ƙyalli. Ta ɗora tukunyar tagulla a waje, ruwa ya tafasa, ta jefa dutsen da ta gasa a ciki ya yi ambaliya, sannan ta tsoma cokula da wuƙaƙe ɗaya bayan ɗaya don ta tsarkake su saboda idi. Kafin azahar matan layin duk sun jeru da nasu kayan, tana tsaye da ludayi tana ba da umarni kamar shugabar tasha. Aka karɓo matsa, gurasar idi marar yisti, daga wajen shugabannin al'umma, ta naɗe ta a farin zane ta rataye nesa da hannun kowa.

Jajibirin idi ta ɗauki bokiti ta tsaya gaban bargo.

"Madam, a ɗan fita a sha iska, zan wanke nan."

"Wa ya ce ki taɓa mini wuri?"

"Ɗaki ɗaya ne. Burbushin burodi bai san bargo ba. In akwai shi a wajenki, akwai shi a wajena, ni kuwa ba zan ci idi da shi ba, tunda ba a barin mai yisti a gida."

"Bakinki ya yi tsawo, Joya. Da ba haka kike ba."

"Da ma haka nake, Madam. A gidanki wanki ne ya hana ni magana."

Madam Estreya ta ja mayafi ta fita. Joya ta ɗaga katifa, sai ga wani ƙyallen siliki a ƙulle. Ta kwance, ta ga gutsattsarin busasshen burodi, wasu har sun fara fumfuna. Ta daɗe tana kallonsu. Ashe abin da matar nan ke ci ke nan a ɓoye. Ta juye su cikin burbushin da za a ƙone da safe, ta wanke ƙyallen ta shanya, ta goge wurin tas. Da Madam ta dawo ta tarar da dafaffen dankali a kwano a bakin katifa.

"Gobe da yamma kina wajenmu," in ji Joya tana matse tsumma.

"Na gode, an riga an gayyace ni. Salbato, ɗan ƙanin maigidana, zai aiko da keken doki. Gidansa na can bakin teku, wuta ba ta kai wajensu ba."

"Madalla. A gaida su."

Washegari Mushon ya ƙone burbushi a bayan ɗaki. Joya ta sauke ƙwai da suka kwana a wuta cikin ɓawon albasa, sun yi jawur. Ta daka dabino da zabibi ta kwaɓa da ruwan inabi, ta soya wainar lawashi, ta wanke latas ganye ganye. Aka ɗora wani tsohon ƙyaure a kan akwatuna, ta shimfiɗa farin zanin gado a kai.

Da la'asar ta fita zubar da ruwa, sai ta hango Madam Estreya a ƙarshen layi, a bakin hanya, sanye da baƙar rigar siliki, wadda ta tsira da ita daren gobara. Tana tsaye ƙyam, hannuwa a haɗe. Joya ta koma ciki, ta sake fitowa, tana nan. Inuwa ta yi tsawo, rana ta sauka a kan teku. Kowa ya sani in rana ta faɗi idi ya shiga, babu Bayahuden da zai hau keken doki kuma.

Joya ta kunna fitilun idi, ta rufe fuska ta yi addu'a. Can sai ta ji an buɗe ɗaya ƙofar a hankali, katifar ciyawa ta yi ƙara. Ba a kunna fitila a can ba.

Mushon ya dawo daga addu'a, ya dubi bargo, ya dubi matarsa, ya rage murya.

"Ki kira ta mana."

"In na kira ta yanzu, za ta gwammace ta mutu da yunwa. Kai dai fara. Kuma ka ɗaga murya."

"Kin san muryata."

"Na san ta. Shi ya sa."

Ya tsarkake daren a kan kofin ruwan inabi na farko, suka jingina hagu suka sha. Suka wanke hannu, suka tsoma ganye a ruwan tsami. Ya karya ta tsakiya cikin matsa uku da ke kan faranti, ya ƙulle rabi a ƙyalle, kowannensu ya saɓa a kafaɗa ya zaga tebur, kamar yadda kakanni suka fito daga Masar da ƙullinsu. Sannan ya ɗaga faranti ya rera kalmomin da ake buɗe daren da su, na kiran duk mai jin yunwa ya shigo ya ci. Joya ta kasa kunne. Shiru. Ko tarin ma babu.

Sarina ta miƙe ta yi tambayoyin da ƙaramin gida ke yi, na dalilin da ya sa daren nan ya bambanta da sauran darare. Mushon ya shiga ba da amsa da ka, tunda babu littafi. Muryarsa kamar ana jan akwati a kan tsakuwa. Ya bi labarin bauta da Fir'auna da Musa, inda ya manta ya yi gyaran murya ya tsallake. Joya ta ji katifa ta motsa sau ɗaya, ta sake motsawa.

Da aka zo kan annoba goma, ta jawo tasa ta ajiye a ƙasa, ta ɗauki butar ruwa. Shi zai ɗiga ruwan inabi, ita ta bi da ruwa, kowace annoba da ɗigonta.

"Jini," in ji Mushon. Ya ɗiga, ta zuba. "Ƙwarƙwata."

"Kwaɗi."

Daga bayan bargo muryar ta fito, a bushe. Sarina ta toshe baki.

"Kwaɗi ne kafin ƙwarƙwata," muryar ta ƙara.

"Madam, ba ma ji sosai," in ji Joya. "Bargon nan ya yi kauri."

Mushon ya ce kwaɗi, ya ce ƙwarƙwata, ya ci gaba yana gumi, har ya zo ya sa fara a gaban ƙanƙara. Sai aka fizge bargo gefe, igiya ta yi lilo. Ga Madam Estreya cikin rigar silikinta, idanunta jajur, haɓa a sama.

"Ƙanƙara ce ta fara sauka, sannan fara ta cinye abin da ya rage! Kai Mushon, da gemunka da komai, me kake koya wa yarinyar nan?"

"A yi haƙuri, Madam, littafin ne..."

"Ba zama zan yi ba. Gyara kawai na zo yi."

"To, riƙe mini wannan," in ji Joya, ta danƙa mata butar. "Hannuna biyu ne kawai, ga tasa tana neman kifewa."

Madam Estreya ta dubi butar kamar ba ta taɓa ganin irinta ba, amma ta riƙe. Ita ta riƙa faɗar sunayen, Mushon na maimaitawa yana ɗigawa, tana bi da ruwa, har aka kai ta goma. Joya ta ɗauki tasar, kowa ya kau da kai don ba a kallon ruwan annoba, ta fita ta zubar can nesa da ƙofofin mutane. Ba ta yi saurin dawowa ba. Ta tsaya tana jin waƙa na tashi daga kowane ɗaki na layin, wasu sun yi gaba, wasu suna baya.

Da ta shigo ta tarar Madam Estreya ta zauna mata a mazauni, tana gyara wa Sarina zama.

"Hagu ake jingina, 'yar nan, ba a kife ciki a tebur kamar ɗan dako. Ban da kai, Mushon."

"Ai gaskiya ce, Madam," in ji shi yana dariya.

Joya ta jawo bokiti ta kife ta zauna a kai, ta cika wani kofi ta tura gaban baƙuwar.

"Goggo ba ta ɗauki ƙulli ba," in ji Sarina. "Kowa ya ɗauka sai ita."

"An wuce wajen," in ji Madam.

"Ba a bar kowa a Masar ba," in ji Joya. "Tashi."

Ta tashi. Sarina ta ɗora mata ƙullin matsa a kafaɗa. Mushon ya gyara murya ya tambaye ta daga ina, ta ce daga Masar. Ya ce zuwa ina, ta buɗe baki, maganar ta maƙale. Joya ta san abin da ta tuna, domin ita ma ta gan ta a daren gobara, tana tafe cikin hayaƙi da ƙulli a kafaɗa, ba takalmi.

"Urushalima," in ji Madam Estreya a ƙarshe. Ta zaga tebur, rigarta na shafar farar ƙasar bango. "In dai kai ne jagora, Mushon, sai mun kwana a hanya."

Aka ci matsa, aka tsoma latas mai ɗaci a kwaɓin dabino. Madam ta karɓi ragamar karatu, muryarta siririya amma ba ta tuntuɓe ko sau ɗaya. Da aka kawo abinci ta ɗauki waina ɗaya ta ci a hankali da yatsu biyu. Ta ɗauki ta biyu. Ta uku ba ta tsaya yanga ba. Joya ta yi kamar tana neman gishiri, ta ƙara tura farantin kusa da ita.

"Bai aiko ba," in ji Madam Estreya, idonta a kan faranti.

"Shi ya yi asara," in ji Joya. "Ga ƙwai, tun jiya yake kan wuta."

Ta ɓare, ta gutsura, ta tauna.

"Albasar ta yi yawa."

"Haka kike ce wa kuku a gidanki kowace shekara, kuma ki cinye uku."

Madam Estreya ta yi wata dariya da ta koma tari, Mushon ya miƙa mata ruwa. Suka sha sauran kofuna, suka yi waƙoƙin rufewa, Sarina ta yi barci, kanta a kan cinyar Madam.

Da safe Joya na durƙushe gaban kaskon gawayi tana jiƙa matsa za ta soya da ƙwai, sai ta ga inuwa a kanta. Madam Estreya ce, ta naɗe hannun riga har gwiwar hannu.

"Nuna mini yadda ake yi."

Joya ta matsa mata. Ta nuna mata yadda ake matse ruwan, da yadda ake gane mai ya yi zafi. Na farko da Madam ta saka ya watse a kasko, na biyu ya ƙone baƙi ƙirin, hayaƙi ya cika ɗaki har Mushon ya fita yana tari.

"A zubar da wannan," in ji Madam.

"A gidan nan wanda ya ƙona shi ke ci," in ji Joya, ta kwashe ta ɗiga masa zuma ta miƙa mata. "Ci da sauri, ki saka na uku kafin man ya huce."