Garson da Ya Dubo Mini Makaranta

Da sakamakon bak, jarrabawar gama sakandare, ya fito, Baba bai ce mini i ba, bai ce a'a ba. Yana awon gero a rumfarsa ta kasuwar Dakoro ya ce, "Hamdiya, makarantar likitan dabbobin nan da kike so a Maraɗi, ni ban san ta ba. Kawunki Jimrau zai raka ki ya gano. Abin da ya ce, shi za a yi."

Kai! Kamar in fasa kuka. Kawu Jimrau fa, ƙanen innata na Azagor, ko ƙofar lakwal, makarantar boko, bai taɓa takawa ba. Garso ne shi, wato mai riga garke gaba ya dubo ciyawa da ruwa kafin a tashi. To ni saniya ce?

Ran Talata muka isa. Wani malami mai kwat ya zagaya da mu, ga labo na gwaje-gwaje, ga ɗakin ordinata, wato kwamfuta, ga sabon gini yana ƙamshin fenti. Ni dai baki buɗe. Ina waigawa, babu Kawu! Can na hango shi durƙushe gindin pampo, ya kurɓi ruwa yana juya shi a baki kamar mai ɗanɗana miya.

"Kawu, don Allah mi kake yi? Ana kallonmu fa."

"Su kalla. Gani ya kori ji, ɗiyata. Wancan mai kwat, inda aka share kaɗai zai gwada miki."

Daga nan ya zaga bayan resto, inda ɗalibai ke cin abinci, ya tona juji da sandarsa don ya ga abin da suke zubarwa. Ya leƙa ɗakin kwana ya ƙirga katifu. Duk ɗalibin da ya tare sai ya ce, "Shekararka nawa nan?" In ya ce ɗaya, ya sallame shi. Ƴan shekara uku yake so, su yake ƙare wa kallo, wuya da ido da tafiya.

Wallahi tun ina jin kunya har abin ya fara ba ni sha'awa. Ni ma na tare wata ƴar aji uku, Surayya, na tambaye ta sau nawa suke taɓa dabba mai rai, ba ta cikin littafi ba. Ta yi dariya ta ja mu garken makaranta. Wani ɗan maraƙi ne kwance yana dalala, ɗalibai sun kewaye shi suna gardama. Surayya ta durƙusa ta buɗe bakinsa, ta duba kofato, tana yi musu bayani da Hausa da Faransanci. Kawu ya tsuguna nan, bai motsa ba har aka kira azahar.

Daga nan muka kamo hanyar Dakoro.

Bayan la'asar muka sami Baba a ƙofar gida. Kawu ya ajiye sanda, ya kira Baba da sunansa ya ce, "Na'Allah, ruwansu da kanwa-kanwa, kuma ɗaukewa yake. Abinci rabi a juji. Ɗaki guda mutum takwas. In da shanu ne, ba ni kai su."

Shi ke nan, na ce a raina, ta ƙare. Idona ya cika.

"Amma na ga wata yarinya," in ji shi, "ba ta fi Hamdiya girma ba. Ta buɗe bakin maraƙi ta faɗi sunan ciwon da ya kashe mini shanu sha ɗaya bara waccan, har da yadda ake tare shi. Ni shekara arba'in ina bin garke, ina tsaye suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ban san abin da zan yi musu ba."

Ya ja bakin rawani ya goge ido, abin da ban taɓa gani ba tun da nake.

"Ka bar ta ta tahi," ya ce.

Baba ya juyo gare ni. "To, ki faɗa wa innarki ta fara daka miki garin guzuri."