Turancin Baba

Auta yana shekara ta uku a jami'a, sashen adabin Turanci, aka ɗora musu darasin wasan kwaikwayo. Malamin, wanda kowa ke ce wa Dakta, bai yarda a karanta wasa a takarda kawai a tashi ba. Ya ce sai sun hau dandamali, kuma a can zai auna kowa. Ya zaɓo wani tsohon wasan Turawa ya rarraba musu matsayi. Auta ya samu matsayin baran gida, wawan da ake shigo da shi don a sha dariya.

Sai dai babu mai dariya. Auta ya haddace komai, yana furtawa tsaf kamar mai karanta labarai a rediyo. Ranar gwaji Dakta ya kifa littafi a kan tebur.

"Kai, wawa na ce ka fito, ba gawa ba. Sake, ko ka sauka na ba wani."

Aji ya kwashe da dariya. Auta bai san sa'ad da ya karkace kafaɗa ba, ya ja ƙafar hagu, ya yi gyaran murya, ya ɗaga yatsa sama, ya saki zancen da irin Turancin da ya tashi yana ji a gida.

Turancin babansa ne. Baba tela ne mai shago a bakin titi, gurgun ƙafa tun yana yaro. Karatunsa bai yi nisa ba, amma Allah ya jarabce shi da son Turanci. A rediyo ya tsinci nasa, da bakin masu kawo ɗinki: manyan kalmomi, yana dasa su inda ba muhallinsu ba, yatsa a sama. Shi ya tsaya kai da fata Auta ya karanta adabi, lokacin da dangi ke cewa wannan karatun tatsuniya ne.

Ɗakin gwajin ya kaure da dariya. Har Dakta sai da ya cire tabarau ya share hawaye.

"Yanzu ka yi magana! A ina ka samo wannan?"

"Ƙirƙira na yi, Malam."

Daga ranar Auta ya zama ɗan gaban goshi. Waɗanda ba su taɓa amsa gaisuwarsa ba suka koma tare shi a hanya suna roƙon ya ɗan taɓa musu. Shi kuwa da ya taso daga makaranta sai ya zarce shago, ya zauna a kan benci cikin ƙyallaye, ya tsokano Baba da Turanci. Baba ya tsayar da keken ɗinki, baki har kunne, ya yi ta zuba, Auta yana kwashewa.

Yayarsa, wadda ke taya Baba sa maɓalli, ta dube shi a kaikaice. "Yaushe ka fara son hirar Baba haka?"

"Laifi ne, Yaya?"

Baba da kansa ya ɗinka masa kwat ɗin wasan. Auta ya ce musu ɗalibai kaɗai ake bari su shiga. Amma ranar wasan, da yamma, Baba ya kulle shago, ya sa rigarsa ta fita kunya, ya ce Yaya ta raka shi. Suka zauna can baya.

Auta ya fito yana jan ƙafa, zaure ya ɗauka da tafi. Baba ma dariya yake yi, yana zungurar na kusa da shi yana cewa ɗansa ne. Bai gane shi ake kwaikwayo ba. Yaya ta sunkuyar da kai har aka tashi.

Sai ga Baba a bayan dandamali, Yaya na riƙe masa hannun riga tana cewa su tafi gida. Ya ja ƙafa har gaban Dakta, ya yi gyaran murya, ya ɗaga yatsa, ya zuba godiya da Turanci.

Ɗalibai suka dubi juna. Sannan dariya ta ɓarke, wasu har da durƙushewa. Wani ɗalibi da ake kira Dogo ya ɗaga waya.

"Baba, don Allah a maimaita mana!"

Baba ya ɗauka burge su ya yi. Ya maimaita, har da ƙari.

Dakta ya yafito Auta. "Ashe kwafa ka yi, ɗan nema. Zo ka tsaya kusa da shi. Ku yi tare mu ga wa ya fi."

Auta ya dubi Yaya, ta girgiza masa kai. Ya dubi Dakta, ya dubi wayoyin da aka ɗaga. Ya zo ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ubansa, ya karkace, ya ɗaga yatsa, ya maimaita abin da Baba ya faɗa yanzun nan, kalma da kalma.

Baba ya juyo ya kalle shi daga sama har ƙafar da ya lanƙwasa. A hankali ya sauke hannunsa.

"Mu je," ya ce wa Yaya, da Hausa.

Kafin a kwana biyu bidiyon ya iso titinsu. Masu babur suka riƙa rage gudu a ƙofar shago suna ɗaga yatsa suna ihu. Baba ya sa aka kwashe keken aka mai da shi gida, wani ɗaki na can ciki. Masu kawo ɗinki suka ragu. Yaya ta daina yi wa Auta magana, ko abinci ta zuba sai ta dangwarar ta wuce. Baba bai taɓa tayar da zancen ba.

Auta ya fi kowa maki a darasin. Dakta ya ce za a kai wasan gasar jami'o'i, ya tambaye shi ko zai je. Ya ce zai je.

Ranar tafiya ya tsaya a ƙofar ɗakin da jaka a kafaɗa. Baba yana ƙoƙarin zura zare a allura.

"Baba, zan tafi."

"Allah ya kiyaye hanya." Bai ɗago ba. "Matsa daga nan, ka tare mini haske."