Sauti Don Kujerar Inna

Naɗin wayar lantarki ja da baƙa. Tsofaffin lasifikan motar guda huɗu a cikin kwali. Kwalbar ruwa, jakar magani, sandar Inna, wayar Inna. Sai Inna kanta a kujerar gaba, hannu kan cinya, ido kan titi.

Daga asibiti suke, inda ake gasa mata gwiwa sau biyu a mako. Maimakon ya karya kwana zuwa gida, Auta ya miƙe zuwa layin masu gyaran mota. Inna ta tambaye shi ko hanyar gidan ma ta ɓace masa ne. Ya ce motar zai kai a duba. Ta ce ai ba motar ce mai ciwo ba.

Shekara biyu ke nan da kunnenta ya yi nauyi. Babbar 'yarta, wadda duk gidan ke kira Yaya, tana aiki a wata ƙasa mai nisa, kuma kusan kullum sai ta turo saƙon murya. Wayar ba ta isar Inna ko ta manna ta a kunne. A mota kaɗai take jin maganar sosai, idan Auta ya haɗa wayar da rediyo a hanyar asibiti. Tana ji, tana tsaki, tana dariya, sannan ta danna ta mayar da amsa.

Sai Auta ya tashi gyara. Wata Asabar shi da abokinsa suka cire tsofaffin lasifikan suka sa sababbi, suka ƙara amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, suka ajiye wani akwatin sauti mai ƙugi kamar hadari a but, can bayan motar. Idan ya kunna kiɗa madubi rawa yake yi. Maƙwabta kan san ya dawo tun yana bakin layi. Amma ranar da aka sa saƙon Yaya, muryar ta fito kamar daga cikin tulu. Inna ta ce a ƙara, aka ƙara, abin ya ƙara dagulewa. Ta ce a kashe.

Mako uku ke nan ba ta amsa ko ɗaya ba. Da ya ce zai riƙa maimaita mata, ta ce ba ta neman tafinta tsakaninta da 'yar da ta haifa. Yaya ta kira shi tana tambaya ko ta yi wa Inna wani laifi ne. Kuma yau da safe, yana tsaye, ya ji Inna na gaya wa ma'aikaciyar jinya cewa kunnen ya gama aikinsa, ta haƙura. Ba ta faɗa da ɗaci ba. Wannan ne ya fi tsaya masa a rai.

Mai gyaran wani gajeren dattijo ne da ake kira Mai Waya, tabaransa ɗaure da zaren jan ƙarfe. Ya jawo wa Inna kujera a inuwa, ya share ta da hannun rigarsa, sannan ya shiga motar. Auta ya sa masa waƙar da ya fi alfahari da ita. Dattijon ya daure na 'yan daƙiƙu, ya kai hannu ya kashe.

"Wa ya haɗa maka?"

"Ni da wani abokina."

"Ina ce injin niƙa kuka so haɗawa, kuka fasa a tsakiya."

Daga inuwa Inna ta tambaya me ya ce. Auta ya ce ba komai.

Mai Waya ya ce kiɗa na rufa wa mai gyara asiri, magana ce ke tona shi. Ya kamo tashar da ake labarai. Ya murɗa sautin duka zuwa ƙofar hagu, muryar ta fito tas. Ya mayar duka zuwa dama, nan ma tas. Ya dawo da shi tsakiya, sai muryar ta ja baya, ta zama fanko. Ya dubi Auta ta saman tabarau.

Ya ɓalle murafun ƙofofin gaba biyu, ya zare wayoyinsu daga amfilifaya, ya ɗauko batirin tocila. Da ya taɓa wayoyin ƙofar direba, fatar lasifikar ta turo waje. Da ya taɓa na ɗaya ƙofar, ja a inda ja ya kamata, sai fatar ta shige ciki.

"Ka gani? Wannan na turawa, wannan na ja. Muryar mutum daga su biyun take fitowa, to suna cinye ta a tsakani. Kai kuma kana ƙara musu ƙarfin faɗa."

Auta ya tuna. Abokinsa ne ya yi ƙofar direba. Ta Inna shi ya haɗa da hannunsa, yana sauri don a gwada kafin rana ta faɗi.

Juya wayoyin bai ɗauki minti biyu ba. Sauran aikin ne ya ci lokaci. Mai Waya ya ƙwanƙwasa ƙarfen ƙofar, ya ce wannan gwangwani ne, duk abin da aka zuba masa sai ya amsa da nasa surutun. Ya yanko roba mai gam ya bi cikin ƙofofin yana mannawa, yana murjewa da ƙotar sukudireba. Ya rage ƙarfin amfilifaya. Ya hana ƙugin shiga lasifikan ƙofa, ya bar shi ga akwatin but kaɗai, shi ma ya sauke masa murya. Auta na miƙa masa kaya, yana kallon yadda ake rage abin da ya yi wata uku yana mafarkinsa.

Da ya mayar da murafun, dattijon ya je ya rusuna gaban Inna, ya ɗaga murya kaɗan.

"Inna, aron kunnenki nake so."

"Wanda ya mutu?"

"Shi ɗin. Nawa ba zai zauna a kujerarki ba."

Ta dube shi, ta dubi ɗanta, ta miƙa hannu a ba ta sanda.

Da ta koma kujerarta a motar, ya tambaye ta wane kunnen ya fi, ta nuna. Ya karkata ƙaramar lasifikar da ke kusa da gilashi ta fuskance shi, ya zauna a kujerar direba yana murɗa maɓalli kaɗan-kaɗan. Ya ce idan kalmomin sun rabu da juna ta ɗaga hannu. A rediyo wani mutum na bayanin gyaran tituna. Auta na tsaye a waje, ya dafa rufin motar, yana kallon hannunta a kan cinya. Hannun bai motsa ba. Mai Waya ya ƙara murɗawa, ya rage, ya sake.

Inna ta yi tsaki.

"Ji ƙarya. Wai an gama gyaran hanyar asibiti. Yanzu fa muka biyo ta, ramin nan na nan har ya yi 'ya'ya."

Sai ita ma ta ji abin da ta faɗa. Ta taɓa kunnenta da yatsa biyu.

Mai Waya ya fito ya ja Auta gefe. Ya ce mota ba falo ba ce, babu mai zama a tsakiya, don haka kujera ɗaya ake iya daidaita wa sauti sosai. Yanzu ya daidaita shi ga ta Inna. A kujerar direba Auta zai riƙa jin komai ya karkata gefe, kuma bugun nan da ke kaɗa madubi ya tafi. Idan yana so, sai a raba bambancin, kowa ya samu rabi-rabi, ita ta riƙa kama mafi yawan kalmomi. Auta ya dubi but ɗin. Yana son bugun nan, ba zai yi wa kansa ƙarya ba.

Inna ta ƙwanƙwasa gilashi, ta ce a kawo mata wayarta. Ya haɗa mata. Saƙo goma sha tara ke jira. Ya danna na farko, muryar Yaya ta fito daga gaba sosai, kamar tana zaune kan dashbod, har da 'yar shaƙewar mura.

"Inna, ina kwana. Kin tashi lafiya?"

Inna ta sa yatsa ta tsayar da shi da kanta.

"Fita min," ta ce. "Ba da kai take ba."

Ya nuna mata inda za ta danna idan za ta amsa. Ta ce ta san wurin tun kafin ya fara ɓarnarsa. Ya janye kansa, ya tura ƙofar, ta rufe da nauyi, babu ƙarar gwangwani. Ya juya wurin Mai Waya.

"Kada a raba komai, Baba. A bar shi a kujerarta."