Sunan Gwadabe a Wuyan Riga

Malam Gwadabe mutumin Indabo ne, amma a Wudil ya tsufa, a wani zaure da ke kan hanyar gangarawa kogi. Sana'arsa ɗinkin babbar riga da hannu. Tun sojoji na mulki yake zaune a kan buzunsa, har suka koma bariki, aka buɗe jami'a a garin, titi ya cika da ɗalibai da 'yan acaɓa, shi dai yana nan da allurarsa.

Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Ba ya zana aikin riga sai ya ga wanda zai sa ta. Sai mutum ya zo ya tsaya a gabansa, ya taka daga ƙofar zaure zuwa bango ya dawo. In mai faɗin kafaɗa ne, ya buɗe zanen askar da ke ƙirji. In gajere ne, ya ɗaga tambarin nan mai da'ira sama, kada ya sauko wa mutum a kan tumbi. Shi ya sa ba a taɓa samun rigunansa biyu iri ɗaya ba. Masu gaggawa suna cewa taurin kai ne. Ba su yi ƙarya ba, yana da shi.

Zaharaddeen ɗan ƙaninsa ne. Uban ya rasu yaron yana ƙarami, Gwadabe ya riƙe shi, da kuɗin allura ya karanta kwamfuta a jami'ar nan ta gari. Ya gama, aiki ya ƙi samuwa. Sai ya buɗe shafi a intanet yana tallar rigunan maɗinkan Wudil. A farko abin ya tafi da mutunci. Kowace riga da hotonta, da sunan wanda ya ɗinka ta. Mutanen Kaduna da Abuja suka fara aikowa.

Wata ranar da hantsi ya shigo zauren, ya durƙusa ya gai da baffansa, ya tambayi ƙafa, ya tambayi ido, sannan ya gyara zama.

"Baba, harka ta buɗe. Wasu mutanen Legas sun shigo ciki. Za mu fara sayarwa a Yamai da Kumasi da Jidda, har Landan."

Gwadabe bai ɗago daga ɗinkinsa ba. "Duk can za ka kama rumfa? Kai da ko kwandon gyaɗa ba ka taɓa tsarewa ba?"

"Ba rumfa ba ce, Baba, shafi ne. Kowace ƙasa da nata. Na Yamai da Faransanci, kuɗi da sefa. Na Jidda da Larabci, kuɗi da riyal. Amma ba zan iya zama ina rubuta kowace riga sau huɗu da hannu ba. Sun kawo wata manhaja mai uwar shafi guda ɗaya. Abin da na rubuta a uwar, kowace ƙasa ta ja nata. Kamar tankin ruwa ne, kowane gida da famfonsa."

"To ni ina ruwana da tanki?"

"Suna son fuska ɗaya da suna ɗaya da baƙo zai riƙe. Sun ce sunaye barkatai suna rikita mai saye. Na ce musu in dai suna ne, ina da shi a gida. Baba, sunanka zai shiga Jidda."

Nan allurar ta tsaya. Gwadabe bai taɓa zuwa Hajji ba. Sau biyu yana shiri abin yana rushewa. Yanzu ga yaro yana ce masa sunansa zai riga ƙafarsa isa ƙasa mai tsarki. Dattijon da ke tambayar mai riga har irin tafiyarsa bai yi wa wannan magana tambaya ko ɗaya ba. Ya ce, "Allah ya sa albarka. A yi."

Matarsa Hansai tana bayan ƙofa tana tankaɗe, duk ta ji. Da yaron ya fita ta leƙo.

"Malam, ka tambaye shi a kan rigar wa za a sa sunan?"

"Ke kuma. A kan rigar wa za a sa sunana in ba tawa ba?"

Ta koma kan rariyarta.

Aka kawo mai hoto daga Kano. Ya ɗauki fuskar Gwadabe, sannan ya ɗauki hannayensa suna riƙe da allura a kan farar shadda. Manuniyarsa ta dama a lanƙwashe take, tun yana yaro ƙugiyar kamun kifi ta huda ta a bakin kogi. Mai hoton ya ce wannan yatsar ita ce ta ƙawata hoton.

Daga nan Zaharaddeen ya kama ofis a wani bene kusa da gada, zuwansa zaure ya ragu. Aikin da yake kawo wa baffansa ma ya tsaya, don duk wanda aka kawo sai Gwadabe ya ce ina mai rigar, a ce yana Kumasi, ya ce to ya zo. Gwadabe bai damu ba. In ya fita masallaci matasa suna nuna masa hotonsa a waya, suna cewa Baba ka shiga duniya. Yana tsuke fuska, amma a ransa yana jin daɗi. A wannan tsakanin ne aka sa ranar auren Zaharaddeen, dattijon ya sayi shadda mai kyau da zaren tsamiya, ya fara ɗinka masa rigar angwanci a ɓoye. Wannan bai buƙaci ya zo ya taka a gabansa ba. Ya san tafiyarsa tun yana rarrafe. Gajere ne kamar ubansa, don haka ya ɗaga tambarin sama.

Haladu ne ya fasa maganar. Shi ma maɗinki ne, sa'an Gwadabe, tun suna samari suke tsokanar juna. Ya dawo daga Umara, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya shigo zauren da ƙunshi a hammata. Zauren a cike yake da masu gaisuwa.

"Na kawo maka tsaraba, ɗan ƙauye. Surukina ne ya saya a Jidda, ya ce tunda ta gida ce ba zai bari ba."

Ya warware riga shuɗiya, aska takwas, tana sheƙi. A cikin wuyanta an manna wani ɗan ƙyalle da rubutu. Haladu ya miƙa wa wani ɗalibi ya karanta da ƙarfi: aikin hannun Malam Gwadabe Indabo.

Sannan ya juya ƙirjin rigar ciki ya koma waje. Farin zaren inji ya fito layi-layi, har da guntayen takardar da ake shimfiɗawa a ƙarƙashi kafin injin ya bi.

"Gwadabe, yaushe ka koyi ɗinki da lantarki ba ka gaya mini ba? Ko in an ɗauke wuta kai ma tsayawa kake?"

Aka yi dariya. Gwadabe bai yi ba, sai dariyar ta mutu. A kusa da ƙofa akwai wani Alhaji mutumin Achika, wanda ya yi ta sintiri watanni kafin ya karɓi tasa rigar daga zauren nan, ita ce ma a jikinsa. Ya sa yatsa ya ɗaga wuyan rigarsa ya leƙa ciki. Gwadabe ya gan shi. Zolayar Haladu ba ta taɓa shi kamar wannan leƙen ba.

Washegari ya hau benen nan da ƙyar, yana dafa bango. Ya tarar da Zaharaddeen a gaban kwamfuta. Ya jefa shuɗiyar rigar a kan teburin.

"Wa ya ɗinka wannan?"

Zaharaddeen ya miƙe tsaye. "Baba, sannu da zuwa, ga kujera."

"Ban zo zama ba. Wa ya ɗinka?"

"Wani kamfani ne a Kano, da inji." Ya sunkuyar da kai. "Baba, kai kaɗai riga nawa za ka gama a shekara? Abin da Jidda take nema a wata ɗaya, duk maɗinkan Wudil ba za su yi shi a damina ba. Kuma wanda ya ga hoto a Landan, abin da ya gani yake so ya iso masa, ba wani ba. Uwar shafin ba ta san riga ɗaya-ɗaya ba. Samfuri ta sani. Aska takwas, shuɗiya, babba ko matsakaiciya. Ƙyallen wuyan ma daga uwar ake buga shi."

"Da sunana."

"Wuri ɗaya aka yi wa suna, Baba. Abin da ke ciki shi ke fita a kan komai."

"To a raba. Tawa a sa nawa, ta inji a sa na inji."

"Ba a rabawa. Sai an sake ginin gaba ɗaya, mutanen Legas ba za su yarda ba. In na cire, ya fita ko'ina, har a kan naka na gaskiya da suka rage a shafin."

"Cire."

"Baba, ka yi tunani. Wannan sunan fa shi ne..."

"Zaharaddeen, ni na yanka maka ragon suna. Ban ba ka nawa don ka raba wa injina ba. Cire ina kallo."

Yaron ya zauna. Ya buɗe shafukan ƙasashen a jere, don dattijon ya gani da idonsa. Gwadabe ba ya karanta boko, amma ya yi allo. A shafin Jidda ya hango sunansa da baƙaƙen Larabci, har ya fara haɗa su a leɓensa. Bai kai ƙarshe ba Zaharaddeen ya goge a uwar, ya danna. Kwamfutar ta ƙi karɓa. Wai ba a barin wurin suna fayau. Sai ya rubuta wani abu ya sake dannawa. Duk shafukan suka juya lokaci guda, Yamai da Kumasi da Jidda da Landan.

"Me ka sa?"

"Baba Maikano."

"Wane ne shi? Ɗan wane gida ne?"

"Babu shi, Baba. Suna ne kawai."

Zaharaddeen ya cire hoton fuskar. Na hannayen ya bari. Gwadabe ya nuna shi da haɓa.

"Wannan fa?"

"Yana cikin tallar kowace ƙasa, ba ni da ikon taɓa shi. Hannu ne kawai, Baba. Wa zai gane?"

Gwadabe ya dubi lanƙwasasshiyar yatsarsa a cikin hoton. Sannan ya juya ya kama bango ya sauka. Bai ɗauki shuɗiyar rigar ba.

Cire sunan bai wanke shi a gari ba. Labarin zaren inji ya riga ya zaga Wudil, ya kai ƙauyukan Utai da Achika. Masu kirki suka ce yaudararsa aka yi. Sauran suka ce da saninsa, asiri ne ya tonu ya yi fushin ƙarya. Ko wanne mutum ya ɗauka, ƙafa ta ɗauke daga zauren. Mai son aikin hannu ya koma wajen Haladu, mai son araha ya danna waya.

Rigar angwancin dai ya gama ta, don bai taɓa barin aiki a rabi ba. Amma ya ce ba za ta hau jikin Zaharaddeen ba. Hansai ta roƙe shi, ta ce maraya ne, ta ce don darajar ubansa. Ya ce darajar uban ce ta sa bai yi masa baki ba. Ranar kasuwa ya naɗe rigar ya fita da ita, abin da bai taɓa yi ba tun yana saurayi, ya kai riga kasuwa tana neman mai sawa.

Ya samu gefen rumfar wani mai huluna ya shimfiɗa ta. Can wani mutum mai tsabta, da alama baƙo ne a garin, ya tsaya ya yi sallama, ya ɗaga ta ya juya.

"Baba, aikin ya yi kyau, ba laifi. Irin ta Baba Maikano ce, ko?"

Mutumin ya ciro waya ya lalubo shafin ya miƙo masa kusa da fuska.

"Ka ga ta ainihin. Dubi tambarin a daidai tsakiya. Taka ya hau sama da yawa, wanda ya kwaikwaya bai auna ba. Ina da tasa guda biyu, ba ka bambanta su. Dubi hannunsa ma, ka san gwani ne tun daga yatsa."

Gwadabe ya miƙa hannun dama ya kama bakin rigarsa. Lanƙwasasshiyar manuniyar ta tsaya dab da wayar, kusa da 'yar'uwarta ta cikin hoto. Mutumin bai duba ba, yana ta matsa hoton da babban yatsa yana ƙara masa girma.

"In za ka sassauta, sai in saya wa ƙanena. Shi bai damu da ta ainihi ba."

"Ba ta sayarwa ba ce."

"To me ya kawo ta kasuwa, Baba?"

Ya naɗe ta a hankali, yadda yake naɗe kowace riga, hannu kan hannu, wuya a ciki. Ya ratsa ta cikin masu awaki da masu tukwane ya gangaro gida.

Hansai tana tsakar gida tana wanke shinkafa. Ta ga ƙunshin a hammatarsa.

"Ba a taya ba?"

"An taya. An ce kwaikwayo ce."

"Kwaikwayon wa?"

"Na wani Maikano."

"Maikano? Na wace unguwa? Ban san shi ba."

Ya ajiye rigar a kan akwati, ya koma zaure ya zauna a kan buzunsa. Ya zare allurar daga jikin hularsa ya juya ta a hannu, babu abin da zai soka ta a ciki.

"Ni ma ban san shi ba," ya ce. "Gwani ne, in ji su."